Jarka Mai Ruwan Ɗorawa

A gida muna cewa kainuwa dashen Allah.
A nan hayin Epe, inda muke bandar kifi,
ita ce ta riƙe kwalekwalen Hansai
daren da naƙuda ta juye mata.
Babu ɗigon mai a inji. Filafili biyu, hannu huɗu,
fitilar asibiti na can ƙetare, ana hangenta
kamar wutar maƙwabcin da ba ku ga maciji.
Asuba ta same su a tsakiyar ruwa.
Mutum biyu muka yi wa sutura,
ɗaya ko suna bai samu ba.

Bayan sadakar bakwai Iya Abeke ta zo,
ungozoma mai tabon ƙuna a wuyan hannu.
Hausarta ta ciniki ce, Yarabancina na gaisuwa.
Ta ajiye gwangwanin madara tsakaninmu,
ta jefa ɗari biyu, ta dube ni.
Ban nemi tafinta ba.

Tun ran nan, duk ranar kasuwa gwangwani na yawo,
daga mai ƙosai zuwa mai kitso, zuwa mai tsinke jatan lande.
Muka sayi jarka mai ruwan ɗorawa,
muka ce man nan ba na kowa ba ne,
na wadda ba ta san darenta ba ne.

A bangon rumfar banda nake rubutu da gawayi:
Ladidi, wata shida.
Morenike, takwas, ƙafa ta kumbura.
Tasalla ta tsallake awo har sau biyu,
na je na zauna mata a ƙofa, ban ce uffan ba,
har kunya ta miƙa mata mayafi.
Laraba nas take ƙetarowa da akwatin allura,
yara na ihu tun ba ta sauko ba.
Asabar kuwa maza ne da adduna,
suna yi wa kainuwa aski, suna tsaga wa ruwa hanya.

Sai daren Ladidi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Jini ya riga jariri zuwa.
Na sunkuya na ɗaga jarka,
ta taso mini sakayau.
Wani ya zuƙe ta don janareton kallon ƙwallo.

Lokacin neman ɓarawo bai yi ba.
Iya Abeke ta ɗauki murfin tukunya da ludayi,
ta bi lungu tana bugu tana kiran sunayen mutane.
Tanimu ya kwantar da babur ɗinsa ya tatse shi.
Mai injin markaɗe ta kawo nata a kwanon miya.
Liman da kwalba, mai wa'azin coci da kwalba,
ruwa na dukan su biyun ba bambanci.
Can ƙarshe wani saurayi, ido a ƙasa,
da galan ya fi na kowa cika.
Ba wanda ya tambaye shi. Ni ma na kau da kai.

Olorunwa ya ja igiya. Inji ya yi tari sau uku,
a na huɗu ya amsa.
Muka bi tsagar da maza suka yi, tocila a bakina,
kan Ladidi a cinyata, ina ce mata ƙirga da ni.

Leda biyu aka ƙara mata,
ɗaya daga jijiyar mijin Morenike.
Mace ce. An raɗa mata Hansa'u,
amma mata sun nace da 'Yar Jarka,
uwar na harara, tana dariya.

Jiya na goge sunan Ladidi da tafin hannu.
Saura huɗu a bango.
Yanzu makulli na wuyana, tare da ɗan kuɗin cefane,
kuma ba na kwanciya
sai na ɗaga jarkar nan na ji nauyinta.