Mai Duba Agogo

Takarda ta uku ke nan a zangon nan.
Na ajiye almakashi kan shaddar mutane,
na ja ƙofar shago a Wunti da rana tsaka,
na shiga Keke zuwa Fadaman Mada
ina lissafa abin da zan ce
kamar mai ƙirga canji a duhu.

Hedimasta ya ce, "Malam Sale, zauna.
Ɗanka Ukasha ba ya gaisuwa.
Ana masa magana yana kallon silin.
Jiya Malama ta rubuta sha biyu ga wata,
ya miƙe ya ce sha uku ne,
a gaban yara arba'in da bakwai."
Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne ga watan?"
Ya gyara zaman hula.
"Ai ba a nan gizo ke saƙar ba."

Na sani. Nan aka yanke cibiyata.
Yaro in bai durƙusa ba, uba ake harara.
An ce a kai shi ruƙiyya, mun kai.
An ce sangarta ce, bulala ta yi kaɗan.
Sau ɗaya na gwada, Allah Ya yafe mini.
Bai yi kuka ba, tambaya ya yi:
"Baba, wannan ta mece ce?"
Shekara biyu ke nan yana bin amsar bashi.

Likita a asibitin koyarwa ya ce Asfaja.
Na rubuta a bayan littafin awo,
ƙarƙashin wuyan wani Alhaji da tsawon hannunsa.
Uwarsa ta ce, "To, mun samu suna.
Saura wanda zai saurara."

Ni ɗinki na sani.
Rigar makarantarsa a juye nake haɗa ta,
bakin ɗinkin yana waje,
don ya ce zare na cizonsa.
Haka na faɗa wa Hedimasta, murya na rawa:
shekara ashirin ina kan keke,
ban taɓa rage kafaɗar mutum don riga ta shiga ba.

Sai Malama Rifkatu, wadda aka gyara wa kwanan wata,
ta ce daga bakin ƙofa, "Ƙararrawa ce."
Tsohon wilin mota ne rataye a dogonyaro.
Da an maka masa ƙarfe
sai yaron ya shige ƙarƙashin benci,
tafukansa a kunne, 'yan aji na ta shewa.
Ta ce, "Na lura ba ƙarar kaɗai ba ce,
zuwanta ba sallama ne."
Ta kwance agogon hannunta,
mai fatar da ta tsage gefe guda.

Yanzu shi ke duba lokaci.
Saura minti ɗaya sai ya ɗaga hannu,
ya toshe kunnensa da kansa, a tsaye,
sannan Ɗanjuma ya buga.
Tun da aka kafa makarantar, in ji maigadi,
ba a taɓa fita tara a kan kari ba sai bana.
Malamin lissafi na ƙorafi
an hana shi ƙarin minti biyar ɗinsa.

Har yanzu shi kaɗai yake cin ƙosansa.
Wani yaro kan zauna nesa kaɗan,
ba sa magana, ban san me suke ba.
Takarda ta huɗu za ta zo, na sani,
sabon zango kuma sabon malami,
in sake ɗauko bayani daga farko
kamar mai warware ɗinkin da ya gama.

Yau na je ɗaukarsa.
Bai ce sannu ba, bai dubi idona ba.
Ya ce, "Baba, ka makara da minti huɗu."
Ya kama gefen rigata, daidai aljihu,
inda yake kamawa kullum,
muka tsallaka titi.