Kwana Biyu a Marwa

Hamajoda, hotunanka sun iso.
Ga ka a Lisbon, kifi kwance a faranti ya zaro ido,
ga ka a Roma, taliya ta naɗe cokali mai yatsu,
ga ka kana tallabe wata hasumiya da ta ƙi miƙewa.
Ka ce kwana biyu kacal, jirgi mai araha,
Litinin kana bakin aiki.

Na laluba aljihu, na ji shiru.
Na ce daidai ruwa daidai tsaki.
Na rufe keken ɗinki bayan la'asar ɗin Juma'a,
na ce wa Dijatu kar ta ajiye min tuwo,
na bar Garwa a motar da ƙofarta ke ɗaure da igiya.
Wata mata ta ɗora min ɗanta a cinya
tun daga Fitowa har Figil,
ya yi barcinsa, ya bar min tsaraba a wando.

Marwa ta tare ni da inuwar dalbejiya,
layi biyu, kamar masu jiran gaisuwa.
Na tsaya kan gada ina neman ruwan Kaliyawo,
sai yashi, sai yara da ƙwallon tsumma,
sai wata yarinya tana tonon rami da ƙwarya
har kogin ya ji kunya ya tsattsafo.

Na je wajen majema, hanci ya riga ni isa.
Na taya takalmi, aka yi min farashin baƙo,
na ji daɗi ƙwarai, Hamajoda,
ashe ni ma ɗan yawon buɗe ido ne.
Ɗan acaɓa ya kai ni inda ake hango dutsen Mindif,
haƙori ɗaya tal a bakin sama.
Na ce mene ne tarihinsa?
Ya ce dutse ne, ƙaro sefa ɗari biyu.

Azahar ta same ni a rumfar Dada Asta,
bayan tashar, inda benci ke da ƙafa uku da bulo.
Ta ce jam na? Na amsa da Fillancin aro.
Ta zubo tuwon masakwa, fari, mai tururi,
da miyar tafasa, su tasba suke ce mata,
gyaɗa ta kama jikinta, man shanu na yawo a kai.
Na zaro waya in yi irin naka.
Ta riƙe ludayi ta dube ni:
ɗana, tuwo ba amarya ba ne,
ci shi kafin ya huce.

Na ci.
Na ci har gumi ya sauko ta bayan kunne.
An ce gani ya kori ji,
to ni a wurina ci ya kori gani.

Da dare a Domayo, tsire kan takardar siminti,
albasar garin mai sa mutum kuka ba rasuwa,
soyayyar fara cikin cokali uku na yaji,
shayi mai kumfa a ƙaramin kofi,
da kilishin da na saya don Dijatu
wanda bai ga wayewar gari ba.

Hoto ɗaya na tura maka,
kwanon Dada Asta bayan na side shi,
da inuwar babban yatsana a gefe.

Ƙarfe biyun dare wayata ta yi ƙara.
Muryarka ce, ta shaƙe kamar mai mura.
Ba Roma, ba Lisbon, ba hasumiya.
Ka yi shiru mai tsawo, na ji motoci suna wucewa a bayanka,
sannan ka ce: da man shanu a kai?

Da shi, Hamajoda.
Na sayo maka busasshiyar tafasa, mudu guda.
Tana nan cikin leda bisa keken ɗinki,
tana jiran wani mai zuwa wajenku
wanda jakarsa ba ta cika ba.