Direba

Gidado ne ya aiko ta daga Fatakwal,
cikin kwali, ta hannun yaron mota.
Ba wasiƙa, ba gaisuwa,
sai sunana da biro, da Jekadafari a ƙasansa.
Shekara huɗu rabon da in ji muryarsa,
sai ga firinta.

Na ɗora ta kan teburin ɗinkin marigayiya uwarsa,
daura da kwamfutar 'yarsa Rumasa'u.
Muka zura igiya, muka danna.
Ta yi tari, ta ja numfashi, ta ƙyafta koren ido,
ta yi gum.

"Kaka, direba take nema."

Na ce, to ga ni.
Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da sitiyari,
in sha shayi a Alkaleri,
in haye gadar Dindima kafin hantsi ya dubi ludayi.
Na kai auduga, na kai simintin Ashaka,
na kai amare, na kai gawa.
Wane direba kuma?

Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
Ta ce wannan ba ya shan shayi,
ba ya miƙa na goro a shinge.
Tafinta ne.
Kwamfuta da yarenta, firinta da nata,
ko sun kwana teburi ɗaya,
ko igiya ɗaya ta ɗaure su,
in babu shi a tsakani, kurame ne.

Na gyara zaman tabarau. Ban tanka ba.

Akwai faifai a kwalin,
mai walƙiya kamar murfin gwangwanin madara,
sai dai kwamfutar yanzu ba ta da bakin cinsa.
Wai sai an sauko da shi daga sama.
Ta taka turmi a gindin darbejiya,
nan kaɗai sabis ke yada zango a gidan nan,
ta ɗaga waya kamar mai duban wata.
Lambar da ke goshin firintar, sau uku ta karanta ta,
don in harafi ɗaya ya kuskure
an ɗauko direban wata motar.

Kashi goma. Kashi arba'in.
Yana hawa kamar tirela mai lodi a hawan Kaltungo.
Kashi tamanin da bakwai,
data ta ƙare.
Wannan na gane shi: mai ne ya yanke a daji.
Na laluba aljihu, na aiki yaron maƙwabta sayen kati.

Bayan la'asar ya sauka.
Ta amince da sharuɗɗan da ba wanda ya karanta,
tana dannawa tana faɗa:
gaba, gaba, gaba.
Ita hanya take nufi.
Ni kalmar ta soke ni ta ɗaya gefen.

Sai cikin firintar ya fara kai-komo,
kamar ƙoshiya a hannun masaƙi.
Takarda ta leƙo, ta fito a hankali,
baƙi, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa,
ba abin da ta ce sai: na ji, na kuma gane.

"Me za mu fara bugawa? Takardun fansho?"

Na dubi yarinyar nan.
Shekara huɗu, ita ke cewa Baba na gaishe ka,
ita ke ce masa Kaka na gaishe ka,
alhali babu wanda ya aike ta.

Na ce rubuta: Gidado, saƙo ya iso.
Ta jira. Fanka ta juya, ta juya.
Na ce ƙara: gwiwata ta yi sauƙi.
Mangwaron da ka dasa ya fara 'ya'ya.

Ta ce ai da waya, kafin ƙiftawa ya gani.
Na ce a'a.
Ina son abin da zai hau mota,
ya sha rana, ya sha rami,
ya isa da ƙurar hanya a jikinsa.

Tawadar ba ta bushe ba na kama.
Babban yatsana ya bar tabo a ƙasan takardar.
Ta ce bari a sake bugawa.
Na ce bar shi.
Ya san hannun.