Hantar Mahauci

Shekara talatin da ɗaya ina fiɗa a kasuwar Tawa.
Hanta nawa ta bi ta tafin hannuna? Ban ƙirga ba.
Na san ta lafiyayyar dabba: ja wur, sumul, gefenta da kaifi.
Na san ta ragon turka,
wanda aka ɗaure wata shida ana ɗura masa dusa,
bai taka ko ƙofar gida ba:
ta kumbura, ta koɗe,
ka danna da yatsa maiƙo ya biyo ka.
Irin wannan nakan tura gefen faranti, in karyar da kuɗinta.

Ran Talata likita Zuwera ta shafa mini abu mai sanyi a tumbi,
ta bi da na'ura kamar mai gugar riga.
Ta juyo da allon, ta ce: Nomau, ga taka.
Ka ga inda ta yi haske? Kitse ne.
Ban nemi bayani ba.
Na gane ragon.

Na ce: ni fa ban taɓa kurɓar giya ba.
Ta ce: na sani.
Shayi nawa a yini? Sukari nawa a shayi?
Lemon kwalba fa, da tulin shinkafar dare?
Yaushe rabonka da zuwa mayanka da ƙafa?
Na ce: ai ba ta ciwo.
Ta ce: hanta ba ta da baki, sai dai ta aika.
Ta aika wa jini, sukari ya hau.
Tansiyo ya hau.
Ka san magudanar ruwa a lambun albasa?
Laka ba ta toshe ta rana ɗaya.
Kaɗan yau, kaɗan gobe,
sai kunyar ƙarshe ta wayi gari a bushe.
Haka jijiya take. Kunyar ƙarshen kuwa zuciya ce, ko kai.

Nan na tuna Asumane,
da ƙaramin kofi ya suɓuce masa a fada bara,
muna dariya, muna cewa santsi ne.
Har yau hannun daman bai dawo ba.

Ana cewa wane da wane kamar jini da hanta.
Ashe amintakar ta kai
har abin da ya sami ɗaya ya bi ɗaya gida.

Da na komo daga Abijan ina saurayi, ƙashi da fata,
inna ta rufe fuska ta yi kuka.
Tun daga nan kowane kilo gaisuwa ne gare ta.
Mutane na cewa: Nomau ya murje, arziki ya zauna.
Ni ma in shafa teɓa in ce alhamdu lillahi.
Wasu rogo suke yi wa kallon kitse,
ni kitsen na yi wa kallon lafiya.

Yanzu da asuba nakan wuce masu kabu-kabu.
Suna kira: Alhaji, mu je mana!
In ɗaga musu hannu, ina haki.
Tsahara ta sauya mini akushi da ƙarami,
ta cika gefe da zogale, ba ta ce komai ba.
Shayin fada nakan karɓi na farko, mai ɗaci,
na biyu da na uku in miƙa gaba.
Wata rana ina cin nasara.
Jiya kam an soya fanke kusa da rumfata, ba sai na faɗa ba.

Likita ta ce hanta na da yafiya, in an roƙe ta da wuri.
Ta ce in dawo bayan wata shida.

Yau na feɗe akuyar da wani Buzu ya koro daga Abalak,
wadda ƙafarta ta san kowace ƙaya a hanya.
Hantar ja wur.
Na riƙe ta, na daɗe,
har mai saye ya ce: Nomau, nawa?