Man Shanu a Ido

Sunana Sulocana, "mai kyawun idanu."
Kakata ta raɗa shi, ba ta tambayi idon ba.
Ina shekara sha ɗaya allon aji ya narke,
kwale-kwalen Baba a ƙetaren rafi
ya koma ɗigon tawada da ruwa ya taɓa.

Tabarau ya zo daga Alappuzha, kauri kamar gindin kwalba.
Kaka ta juya shi, ta taɓe baki:
"Sanda ce wannan, ba ƙafa ba."
Da damina ta kankama ta ja ni gidan Waidya Paramu,
inda ƙamshin saiwa ya kama bango,
tukwane na ta ɓararraka ba mai leƙa su.

Ya kwaɓa garin baƙin wake,
ya gina katanga kewaye da kowane ido
yadda manomin Kuttanad ke tare ruwa a gonar shinkafa.
Sai man shanu mai ɗumi, ɗis, ɗis, har ya cika.
"Buɗe," ya ce. Na buɗe.
Duniya ta zama narkakkiyar zinariya,
rufin ɗaki na iyo, fuskar Kaka na iyo,
ina ƙiftawa cikin mai kamar kifi a baƙon tafki.

Kwana bakwai haka. Sannan dokoki:
jiƙon 'ya'yan itace uku, a wanke ido da asuba,
a taka raɓa ba takalmi,
a ƙura wa harshen fitila ido har hawaye ya zubo,
a murza tafi ya yi ɗumi, a rufe fuska.
Karatu a ƙarƙashin bargo kuwa, kul!

Na ce, "To, zan jefar da gilashin?"
Ya yi dariya, ya laluba aljihu,
ya ciro nasa, ƙafa ɗaya ɗaure da zare.
"Yarinya, ni shayar da ido nake,
kada ya gaji, kada ya bushe.
Nisa kuwa, mai wasa gilashi ya fi ni saninsa."

Yau shekara talatin ke nan.
Kaka ta tafi, Waidya ya bi bayanta, Baba ma.
Tabarau na nan daram a karan hanci.
Amma in hasken kwamfuta ya gasa mini yini,
nakan cire shi, in tsaya bakin rafi,
in bar ƙetare ya narke yadda ya ga dama.
Can cikin dishi-dishi wani na tuƙa kwale-kwale.
Ban san ko wane ne ba,
don haka nakan ce Baba ne.