Shekarun Bindigar Barma

Ranar da muka raba gadon kakanmu Barma
a Birni, gindin ƙaton dutsen nan mai kama da tulu,
ƙanena ya ɗau keken ɗinki, yayata ta ɗau gona,
ni kuwa aka miƙo mini tsohon bargo a naɗe.
Na warware. Bindiga ce mai baki biyu,
tana warin man gyaɗa da fitsarin ɓera.

Jandarma ya ce sai an yi mata takarda,
takarda kuma tana son shekara.
Ya bar gurbin fari fat, ya ce, “Je ka tambayo.”

Na kai wa Mutari a bayan Kasuwar Dole,
mai gyaran kwado da fitila, mai ido ɗaya da rabi.
Ya karya ta a gwiwa, ya ɗaga ta ga rana,
ya leƙa bututun kamar mai duban ruwan rijiya.
Ya tofa yawu, ya murza da babban yatsa,
sai ga tambarin Nasara a ƙarƙashi:
ɗan kambi, haruffa uku,
da lambar da tsatsa ta cinye rabinta.
“Wannan bakwai ne, ko kuwa ɗaya ne mai ƙusumbi.
Ƙarfen dai ya ƙetaro teku, ya girmi ubanka.
Amma ƙotar nan marke ne,
marke kuwa ba ya tsiro a Faransa.
Ƙusar nan daga keke aka ciro ta.
Ɗan ƙarfen da ke mayar da kunama,
na san hannun babana ko cikin duhu,
daga agogon bango ya yanko shi.
To, shekarun wa kake so?
Na baki, na ƙota, ko na ƙusa?”

Na hau mota zuwa Miriya, wurin Iya Cima.
Na same ta tana ɓarar tsamiya a faifai.
Ba ta taɓa bindigar ba, ta dai sunsuna bargon.
“Shekara? Wa ya ƙirga?
Daminar da gyaɗa ta yi kuɗi ya sayo ta
wurin wani mai awo da zai koma ƙasarsu.
Ina goye da ubanka a lokacin.
A'a, tsaya.
Da wanda ya riga shi ne, wanda bai yi yaye ba.”

Ta yi shiru, ta ɓare biyu, ta ci gaba.
“Ƙotar farko a hanyar Tanut ta karye,
raƙumi ya kā da shi, ya zo yana ɗingishi yana zagi.
Zabi kuwa mun ci har yara suka ƙi.
Shekarar fari ya jinginar da ita kan buhu biyu,
ya fanso ta da huɗu, bai gaya mini ba sai da na ji a gidan biki.
Fitarta ta ƙarshe, kwana uku ya yi a daji.
Ya dawo ya ce ko'ina gona, ko'ina kara,
ko sawun barewa bai gani ba.
Harsashi biyun da ya tafi da su, da su ya dawo.
Duba aljihun bargon, ni na ɗinke su ciki.”

Na duba. Suna nan, jajaye, takardarsu ta kumbura.

Litinin na koma wurin jandarma.
Na fara da marke, na shiga agogon bango,
ina kan gyaɗa ya ɗaga hannu.
“Saba'in ta yi?” Na ce ta yi.
Ya rubuta, ya buga hatimi, ya karɓi kuɗinsa.

Sai da na kai ƙofar gida, bargon a kafaɗa,
na tuna ban tambayi Iya
sunan yaron da take goye da shi ba.