Wayar da Baba Ya Ja

Gidanmu na Ƙofar Mazugal ginin ƙasa ne,
kaurin katangarsa ya isa akuya ta kwanta a kai.
Intanet ya zo ya tsaya a zaure
kamar baƙon da ba a yi wa iso ba.
A shagon Sagir ga shi nan ƙat,
a ɗakina ko ƙyallinsa babu,
ni kuwa ɗalibai ke kawo wa bugun aiki,
babi biyar-biyar, kowa gobe zai miƙa nasa.

Sagir ya ce a huda bango a zura waya.
Inna ta ajiye muciya ta dube shi:
"Bangon da kakanka ya kwaɓa ƙasarsa da ƙafarsa?
Fara huda ni tukuna."

Ranar Laraba sai ga shi daga kasuwar waya
da 'yan akwatuna farare,
kowanne bai fi sandar sabulu ba.
Ya soka ɗaya a soket ɗin zaure,
ɗaya a ɗakina, can bayan sif,
ɗaya wajen Hansatu mai karatun ungozoma.
Ya danna maɓalli nan, ya ruga can ya danna.
Ya ce kada in yi masa jone-jone,
bango yake so kai tsaye,
abin ba ya son ɗan aike.

Fitilar ta yi ja.
Ta yi nazari.
Ta ƙifta, ta koma koriya.

Wayar nan Baba ne ya ja ta
shekarar da aka yaye ni,
yana kan tsani, filaya a haƙori, testa a bayan kunne.
Shekara ashirin da shida tana dakon wuta,
fanka, dutsen guga, ƙwan tsakar gida,
ba wanda ya san tana da kunne,
balle a ce tana da baki.
Yau bakwai ga watan da ya cika shekara takwas a ƙasa,
ga shi yana kai mini saƙo ɗakin ƙanwata.

Tana da halinta, ban ɓoye ba.
In firizar kunun ayan Inna ta yi gurnani
sai shafi ya riƙa buɗewa da ɗingishi.
In an ɗauke wuta kuwa, shi ke nan,
kwamfuta uku sun koma marayu,
kowacce ta rungumi ɗan cajinta
har unguwa ta ɗauki ihun an kawo.

Akwati na huɗu na Mansir ne, ɗan Kawu Inuwa,
taku goma sha biyu daga ƙofata.
Sagir ya soka. Ja.
Ya cire, ya hure shi, ya mayar. Ja.
Ya sauya soket, ya duƙa har wandonsa ya yi ƙura.
Can ya ɗaga kai ya ga mita biyu a jikin soro,
sai ya yi shiru.

Mun manta, ko mun yi kamar mun manta,
makon rabon gado Kawu ya kira mai gyara
aka datse wayar daidai gindin lemun tsami.
Kullum muna gaisawa, ina kwana, ya gajiya,
ranar Sallah akushi na ƙetare tsakar gida.
Ɗan akwatin nan da bai san kowa ba
shi ya faɗi abin da bakinmu ya ƙi.

Yanzu bayan isha Mansir kan zo da tasa a hammata,
ya zauna bakin tabarmata, yana cike takardar neman aiki.
Jiya Kawu ya wuce da buta, ya gan shi, bai tanka ba.

Da safe na jiyo shi a zaure,
murya ƙasa-ƙasa, yana tambayar Sagir
nawa ake sayar da yadin waya yanzu.